Abubakar Imam, marubucin Ruwan Bagaja

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, cikin ƙasar Nijeriya. Ubansa malami ne, don haka ya fara da karatun allo kamar kowane yaro. Yayansa, Malam Bello Kagara, yana koyarwa a Katsina. Shi ya ɗauke shi ya kai shi can, ya sa shi makarantar boko. Katsinar nan ba nesa take da mu ba. Daga Maraɗi, in an bi ta Ɗan Isa da Jibiya, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Daga can kuma kakannin Katsinawan Maraɗi suka fito.

Imam ya shiga Kwalejin Katsina a 1927. Ya gama a 1932, ya zama malamin makaranta.

A zamanin nan yara suna koyon karatun Hausa da boko, amma in sun iya, babu abin da za su karanta don jin daɗi. Malamai sun daɗe suna rubutu da ajami da Larabci, sai dai abin da suke rubutawa addini ne, da tarihi, da waƙoƙin wa'azi. Labarin ƙirƙira kuwa, a ganinsu, tatsuniya ce, aikin tsofaffin mata da yara da dare. Wane babban malami zai ɓata tawadarsa a kan ƙarya?

A 1933 wani Baturen Ingila mai suna Rupert East, wanda ke kula da ofishin fassara a Zariya, ya zaga garuruwa yana neman malamai su rubuta labari mai tsawo. Aka sa gasa. Littattafai biyar suka fito daga cikinta. Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama firaministan Nijeriya daga baya, ya rubuta Shaihu Umar. Akwai kuma Idon Matambayi da Jiki Magayi. Imam, yana ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja.

Labarin wani ne da ya fita duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Duk inda ya sauka sai ya gamu da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wannan ya cuci wancan, wancan ya rama. Ruwan ma kusan a manta da shi saboda dariya. Hausar littafin ita ce ta kasuwa da ta zaure, cike da karin magana, shi ya sa wanda bai iya karatu ba ma yakan zauna a karanta masa.

East ya ga gwanintar saurayin. A 1936 ya jawo shi Zariya, ya tara masa littattafan labarun Larabawa, da na Indiya, da na Turai. Imam ya karanta, ya sāke musu riga, ya mai da su ƙasar Hausa. Cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Mai ba da labarun aku ne, wanda da bakinsa kaɗai ya tsare ɗan sarki a gida, har aka naɗa shi waziri.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta. A shekarar ce yaƙin duniya na biyu ya tashi, mutane suna ɗokin jin labari da harshensu. A wannan lokaci ƴan lakwal na Maraɗi da Tibiri Faransanci kaɗai suke karantawa. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, Hausa ta shiga aji.

Imam ya je Ingila a 1943, ya rubuta labarin tafiyar a Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga baya ya bar jarida, ya riƙe manyan muƙaman gwamnati. Ya rasu a Zariya a 1981, yana da shekara 70.