Janar Hassan Usman Katsina: Soja Kuma Gwanin Ƙwallon Dawaki

Ya kai ɗalibi, wataƙila a makarantarku akwai yaron da ya fi kowa iya wasa, kuma yana da burin shiga makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna. Wata rana dole ne ya zaɓi abin da zai sa a gaba, domin Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. A wannan darasi za ka karanta tarihin wani ɗan sarki da ya tashi a gidan gwanayen wasa, amma ya ba aikin soja ƙuruciyarsa.

An haifi Hassan Usman a Katsina a shekarar 1933. Mahaifinsa shi ne Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981. Kakansa kuwa shi ne Sarki Muhammadu Dikko. Ka sani cewa wannan gida ya shahara da son dawaki. Sarki Dikko ne ya kafa wasan ƙwallon dawaki a Katsina, ya kuma sa 'ya'yansa suka koya. Ɗansa Nagogo ya ƙware ƙwarai, har ana lissafa shi cikin manyan gwanayen wasan a Afirka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, saboda haka Hassan ma ya tashi da linzami a hannu.

Ko ka taɓa ganin wannan wasa? Mahaya huɗu ne a kowane ɓangare. Kowannensu yana riƙe da doguwar sanda, yana dukan ƙaramar ƙwallo alhali doki yana sukuwa. Ana yin wasan zagaye-zagaye, kowane zagaye minti 7, sannan a sauya dawaki saboda gajiya. Wasa ne mai bukatar lokaci da dukiya da yawan horo. A gidan su Hassan akwai duk waɗannan. Da ya so, da ya zauna a Katsina ya yi ta hawa har tsufa.

Amma bai zauna ba. Bayan ya yi karatu a Katsina da kwalejin da yanzu ake kira Barewa a Zariya, sai ya shiga soja a 1956. A wancan zamani mutane da yawa ba sa ɗaukar aikin soja a matsayin aikin ɗan babban gida. Ya sami horo a ƙasar Gana, sannan aka tura shi Ingila, inda ya halarci makarantar hafsoshi ta Sandhurst. Ka lura da wannan: daga ranar da mutum ya sa kaki, lokacinsa ba nasa ba ne. Inda aka tura shi, nan zai tafi. A farkon shekarun 1960 an tura Hassan ƙasar Kwango, cikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk da haka bai rabu da doki ba. Yakan yi wasa idan aiki ya ba shi sarari.

Ranar 15 ga Janairu, 1966, wasu hafsoshi suka yi juyin mulki. Aka kashe Firimiyan Arewa, Sardauna Ahmadu Bello, da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. A lokacin Hassan yana da muƙamin manjo, yana shugabantar rundunar motoci masu sulke a Kaduna. Cikin 'yan kwanaki aka naɗa shi gwamnan soja na Jihar Arewa, yana ɗan shekara 32. Idan kana zaune a Majidaɗi cikin Jalingo, to garinku ma yana ƙarƙashin mulkinsa a lokacin, domin Jihar Arewa ta haɗa tun daga Sakkwato har ƙasar Muri.

Nauyin da ya hau kansa ba ƙarami ba ne. Zukata sun ɓaci, an yi tarzoma a garuruwa da dama, an kuma yi asarar rayuka masu yawa a wannan shekara. Gwamna Hassan ya jawo sarakuna da manyan ma'aikata irin su Ali Aƙilu a jiki, ya yi ta kiran jama'a su kwantar da hankali. A Janairun 1967 ya halarci taron sulhu na Aburi a Gana. A watan Mayu na shekarar, Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, Arewa ta sami 6. Jalingo ta faɗa cikin Jihar Arewa Maso Gabas.

Sulhu bai yiwu ba, yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli na 1967. A 1968 aka naɗa Hassan babban hafsan sojojin ƙasa, ya riƙe muƙamin har aka gama yaƙin a Janairun 1970. A cikin yaƙin yawan sojojin Nijeriya ya tashi daga kimanin 10,000 zuwa kimanin 250,000. Ka yi tunanin wahalar ɗaukar wannan taro, da horar da su, da ciyar da su. Shekarun da ɗan wasa yake kan ganiyarsa, shi a wannan aiki ya ƙare su.

Ya bar soja a 1975 da muƙamin manjo-janar. Sai a sannan ya sami cikakken lokacin dawakinsa. Ya shugabanci ƙungiyar ƙwallon dawaki ta Nijeriya, ya kuma riƙe sarautar Ciroman Katsina. Allah ya yi masa rasuwa ranar 24 ga Yuli, 1995. A yau babbar kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Katsina tana ɗauke da sunansa.

To, ya kai ɗalibi, lokacin ɗan wasa gajere ne, kuma alkawarin soja ba a karya shi. Idan kana da baiwar wasa, kana kuma son kaki, ka auna su tun kafin ka sa hannu a takarda.

Ma'anar Kalmomi

hafsa: babban soja mai ba da umarni
linzami: ƙarfen da ake sa wa doki a baki don sarrafa shi
sukuwa: gudun doki mai ƙarfi
ganiya: lokacin da ƙarfin mutum ya cika

Tambayoyi

1. Wane ne ya kafa wasan ƙwallon dawaki a Katsina?
2. Waɗanne muƙamai biyu Hassan ya riƙe tsakanin 1966 da 1970?
3. Bayyana ma'anar karin maganar taura biyu.
4. Da kai ne Hassan a 1956, wanne za ka zaɓa? Kawo dalilai biyu.