Malam Aminu Kano

Malam Aminu Kano (9 ga Agusta, 1920 – 17 ga Afrilu, 1983) malamin makaranta ne kuma ɗan siyasar Najeriya, wanda ya shahara da gwagwarmayar ƙwato wa talakawa 'yanci daga mulkin sarakuna da hukumar En'e.

Asali da karatu

An haife shi a birnin Kano, a gidan malamai Fulani na zuriyar Gyanawa. Mahaifinsa Malam Yusuf mufti ne a kotun alƙali, wato shi kansa Aminu bai fito daga cikin talakawa ba. Ya yi karatu a Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauci, inda ya shaƙu da Sa'adu Zungur. A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimi, daga baya aka tura shi makarantar horar da malamai ta Maru.

Siyasa

A zamaninsa mutum kan gaji matsayinsa kamar yadda yake gadon sana'ar ubansa. Sarauta tana hannun wasu gidaje, su kuwa manoma, maƙera, mahauta da majema, nasu biyan haraji ne da aikin tilas. Kalmar talaka kanta tana nufin wanda ba ya riƙe da sarauta, ko da mai kuɗi ne. Jam'iyyar NEPU, da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, wadda ya shugabanta daga 1953, ta tara teloli, ƙananan 'yan kasuwa da malaman allo. Da yawansu sun sha bulala da ɗauri a kotunan En'e. Ya ci zaɓen Majalisar Wakilai a 1959, ya kuma riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin Gowon.

A 1979 ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP bai yi nasara ba, amma jam'iyyar ta ci gwamnan Kano da na Kaduna. Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Katsina tana cikin jihar Kaduna a lokacin, don haka sokewar ta shafi manoman Batsari da makiyayan dajin Rugu a Safana. Ba a daɗe ba jam'iyyar ta rabu biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo.

Rasuwa

Ya rasu a gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ake kira Gidan Mambayya, ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Filin jirgin saman Kano yana ɗauke da sunansa.