Labarin Nataniyal Hereshof, Magini Jiragen Ruwa

An haifi Nataniyal Hereshof a 1848 a garin Biristol, a bakin teku cikin ƙasar Amurka. Da ya gama karatun injiniya sai ya yi aiki a wata ma'aikatar injin tururi, amma zuciyarsa tana ga jirage.

To, akwai wata matsala da ta daɗe tana damun maginan jirage. Jirgi mai faɗi yana da wuyar kifewa, amma ture ruwa yake yi da ƙirjinsa, yana ta da raƙuman ruwa, ƙarfinsa kuwa a nan yake ƙarewa. Siriri kuma tsaga ruwa yake kamar wuƙa, sai dai da iska ta bugi filafilansa sai ya kwanta. Duk wanda ya taɓa shiga ƙaramin kwalekwale ya san wannan. Hereshof ya ɗauki siraran jirage biyu ya haɗa su da katako, ya bar fili tsakaninsu. Filin nan shi ne wurin hikima, gama in sun kusaci juna ainun, raƙuman da wannan ya tayar sai su gamu da na wancan, su tsaya wa jirgin a gaba. Ba shi ya fara dabarar ba, mutanen tsibiran tekun Fasifik sun riga shi da ɗaruruwan shekaru.

A 1876 ya shigar da jirginsa, Amaryllis, cikin babban tseren birnin New York, ya wuce manyan jiragen attajirai, ya zo na fari. Masu jiragen suka kai ƙara, aka soke nasarar. A ganina ba laifin da ya yi sai gudu.

Bai yi zuciya ba. A 1878 suka kafa masassaƙa shi da wansa John, wanda ya makance tun yana saurayi. Ya koma ga jirage masu ciki ɗaya, ya tsara guda biyar waɗanda suka riƙe Kofin Amurka daga 1893 zuwa 1920, Turawan Ingila suka rasa yadda za su yi da shi.

Ya rasu a Biristol a 1938. Bayan shekara hamsin cif, a 1988, jirgi mai ciki biyu ya ci kofin nan.