Edgar Codd, Mai Jera Bayanai Layi-Layi

An haifi Edgar Codd a Ingila cikin 1923. Ya karanta lissafi a Oxford, daga baya ya kama aiki da kamfanin IBM a Amurka. A zamanin nan tono bayani daga kwamfuta sai gwani. Cikin 1970 Codd ya kawo dabarar jera bayanai kamar rajistar aji, kowane suna da layinsa. Kamfaninsa ya tsaya jan ƙafa, har wani ƙaramin kamfani ya riga shi kasuwa da manhajar Oracle cikin 1979. Codd bai karaya ba. Ya sami lambar yabo ta Turing cikin 1981, ya mutu cikin 2003. Ga shi yau bankuna na zuba dubban layuka tashi ɗaya bisa tsarinsa. Lalle mahaƙurci mawadaci.