Malam Abdullahin Gwandu: Ibadar da ba ta tafi da wata

Ƴan'uwa Musulmi, azumi ya wuce, sahu ya soma raguwa a masallatanmu na Dogon Dutsi da Tibiri. Shi ya sa muke tunatar da juna rayuwar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu.

An haife shi wajen 1766, ya yi karatu gun Shehu da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Shi ya jagoranci cin Birnin Kabi a 1805. A 1807, da ya ga son duniya ya shiga zukata bayan nasara, sai ya nufi Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta Liya'ul Hukkami, sannan ya komo. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, ya zauna Gwandu yana karantarwa da wallafa har wafatinsa.

Nasara ba ta shagaltar da shi ba, rashin gadon Shehu bai raunana shi ba. Mu ma kada Salla ta raba mu da Alƙur'ani, da jam'in asuba, da Sitta Shawwal. Allah Ya jiƙansa, Ya ba mu istiƙama, amin.