Amina, Magajiyar Zazzau

Amina 'yar Bakwa Turunku ce, mai mulkin ƙasar Zazzau wajen shekarar 1536. Masu ba da labarin gargajiya sun ce Bakwa mace ce, kuma 'ya'yanta uku: Amina, da Karama, da autarsu Zariya, wadda birnin Zariya ya ci sunanta. A lokacin nan fadar tana Turunku, garin da ke cikin Jihar Kaduna a yau.

A fada Amina ta tashi. An ce tun tana rarrafe take shiga zauren kakanta, Sarki Nohir, yakan ɗauke ta ya ɗora a cinya alhali yana sauraron fadawa. Nan ta fara jin yadda ake yanke hukunci da yadda ake shirya yaƙi. Da ta cika shekara 16 sai aka naɗa ta Magajiya, aka ba ta kuyangi 40. Wannan babbar sarauta ce, kuma nauyinta ya fi ƙarfin yarinya. Sa'o'inta suna koyon kaɗi da daka, ita kuwa idon fada duka yana kanta. Masu neman aurenta suka yi ta zuwa da kaya, ta ƙi su ɗaya bayan ɗaya. Hankalinta yana wajen dawaki da takubba.

Duk da haka, da Bakwa ta rasu ba a ba ta gadon sarauta ba. Ƙanenta Karama aka naɗa, wajen 1566. Wata da ta yi fushi ta koma ɗaki. Amina sai ta hau doki ta shiga cikin mayaƙan ƙanenta, ta yi shekara 10 tana fita yaƙi a ƙarƙashinsa. A ganina nan ne ƙarfin halinta ya fi bayyana, domin bin ƙane ya fi kai hari wuya. Da Karama ya rasu wajen 1576, mayaƙa sun riga sun san ta sarai, ragamar ƙasa ta koma hannunta.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa shekara 34 ta yi tana yaƙi, ta ci garuruwa har zuwa Kwararrafa da Nufe. Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, wato ƙwarya 100. Goro a zamanin nan dukiya ce mai tsada, saboda daga nesa fatake suke kawo shi. Wanda ya riƙe hanyar kudu shi ya riƙe ciniki, kuma abin da Amina ta nema wa Zazzau ke nan. Sai dai wannan littafi ya sa zamaninta a lokacin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, fiye da shekara 100 kafin lissafin Zazzagawa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a littafinsa Infaƙul Maisuri. Ya bayyana cewa ta yaƙi Katsina da Kano, ta kuma mallaki ƙasashen Bauchi. A lura, a da kalmar Bauchi tana nufin faffaɗar ƙasar da ke kudu da ƙasar Hausa. Birnin Bauchi na yanzu daga baya ya zo, Sarki Yakubu ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 19, bayan ya yi zama a Inkil.

Amina ba ta mutu a ɗakinta ba. A Atagara ta rasu, can kudu kusa da Idah, nesa da fadar da ta girma a ciki. Ba ta yi aure ba, ba ta bar ɗa ko 'ya da zai gaje ta ba, kuma sunanta bai shiga jerin sarakunan Zazzau da aka rubuta ba. Talakawa ne suka riƙe shi. An ce duk inda ta yi sansani sai ta sa an kewaye wurin da ganuwa, shi ya sa har yau ake kiran tsofaffin ganuwoyi da yawa a ƙasar Hausa ganuwar Amina. A Kaduna akwai makarantar sakandare ta 'yan mata mai sunanta, haka kuma ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.