TAƘAITACCEN TARIHIN ROWLAND BINGHAM (1872–1942)

A wannan biki na cika shekara 50, ya dace mu tuna da wani bawan Allah wanda ya fāɗi sau biyu kafin aikinsa ya tsaya da ƙafafunsa.

An haifi Rowland Victor Bingham a Ingila a 1872. Yana saurayi ya yi ƙaura zuwa Kanada. A can ne ya haɗu da mahaifiyar Walter Gowans, wadda ta nuna masa nawayar kai bishara ƙasar Sudan, wato yankin da ya haɗa da arewacin Nijeriya ta yau.

Ran 4 ga Disamba 1893 ya sauka Ikko tare da Walter Gowans da Thomas Kent. Ba su da mishan da ke bayansu, kuɗinsu kuma kaɗan ne. Turawan mishan na Ikko suka ce musu abin da suka sa gaba ba zai yiwu ba. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham a Ikko, abokansa suka wuce arewa. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida.

Bingham ya koma gida a 1895 da karyayyar zuciya, yana shakkar kiransa, har bangaskiyarsa ta girgiza. Amma bai zauna yana zargin kansa ba. Ya duba inda ya kāsa, ya koyi ɗan aikin magani, ya shiga makarantar Littafi Mai Tsarki a Amurka, ya kuma yi aikin fasto.

A 1900 ya sāke zuwa. Zazzaɓi ya sāke kā da shi, aka mai da shi gida, abokan tafiyarsa biyu ma suka bi bayansa. Wannan ya fi na farko ciwo, gama ya zama kamar maganar masu cewa ba zai yiwu ba ta tabbata.

A nan ne ya gane baiwarsa. Jikinsa bai jure zafin ƙasar ba, amma ya iya tara ma'aikata, da neman taimako, da rubutu. Ya shirya ƙungiya ta uku, wadda ta buɗe tashar farko a Pategi a 1902. Ya shugabanci mishan ɗin SIM har rasuwarsa a Disamba 1942, ana gab da jubilinta. Daga wannan aiki ne ECWA ta fito a 1954, kuma ga ikkilisiyoyinta yau har ƙasar Zamfara.

Matasanmu na Gusau da Tsafe da Bungudu, ku lura: kāsawa sau ɗaya ko sau biyu ba ta nuna cewa ba a kira mutum ba. Wanda ya san rauninsa, ya gyara abin da zai gyaru, ya kuma riƙe aikin da ya iya, ya sami gaba gaɗi na gaskiya. Ubangiji ya ƙarfafa mu duka. Amin.